Wai me "dominant" ke nufi a ilimin gado? Amsa ga wata ɗalibar nas

Wa alaikumus salam ƙanwata, sannu da ƙoƙari, ki yi haƙuri kwana biyu shiru, so na yi in samu zama in rubuta miki a tsanake don tambayar taki ba ta layi biyu ba ce. Kin ce kina makarantar koyon aikin jinya, an ba ki aikin yi wa mata masu zuwa awo bayanin sikila da Hausa, sai kika ga a littafinku an ce A, wato gadon jini na lafiya, dominant ne a kan S, gadon sikila, ciwon sikila kuma recessive ne, da kika buɗe ƙamus ya ba ki "mai mulki, mai rinjaye, wanda ya fi ƙarfi". Shi ne kike cewa to in A ya fi ƙarfi me ya hana shi cinye S tun tuni kowa ya huta, kuma ya za a yi abin da aka ce shi ne mai rauni ya cika mana gadajen asibiti haka.

Ƙamus ɗinki bai yi miki ƙarya ba, a Turancin kan titi haka kalmar take, asalinta ma daga Latin ne, daga kalmar da ke nufin ubangida ko maigida. Sai dai masu ilimin gado sun ari kalmar ne suka ɗora mata wata ma'ana 'yar siririya wadda ba ruwanta da ƙarfi. Ga ta nan. Kusan kowace ƙwayar gado da ke jikinki kwafi biyu gare ki, ɗaya daga wajen Baba ɗaya daga wajen Mama. In kwafin nan biyu iri ɗaya ne babu magana. In suka sha bamban, sai a duba jikin mutum a ga siffar wanne ce ta fito, wadda ta fito ita ake kira dominant, wadda ta laɓe ita ce recessive. Wato dai dominant siffa ce da kwafi ɗaya ya ishe ta ta bayyana, recessive kuma sai kwafi biyu sun haɗu. Shi kenan fa, iyakarta ke nan. Duk wani abu da zuciyarki ta ƙara a kai, na cewa ya fi ƙarfi ko ya fi yawa ko ya fi kyau ko ya fi saurin bin 'ya'ya, ƙamus ne ya ba ki shi.

Wanda ya fara sa kalmar a wannan aiki shi ne Gregor Mendel, wani fada a gidan ibadar Katolika a garin Burno, yanzu yana ƙasar Cek, a lokacin kuma ƙarƙashin daular Ostiriya. Ya shafe wajen shekara takwas yana barbarar waken turawa, koren nan ƙanana da ake zubawa a firaid rais, ya gabatar da aikinsa a 1865 aka buga a 1866, da Jamusanci. Ya ɗauki tsatso mai 'ya'ya mulmulallu sumul ya haɗa da tsatso mai 'ya'ya yamutsattsu, duk abin da aka samu a zubin farko sumul ya fito, ko ɗaya babu yamutsattse, kamar siffar ta mutu. Da ya bar waɗannan suka yi barbara a junansu sai ga yamutsattsun sun dawo, ya zauna ya ƙirga da hannu, sumul 5,474 yamutsattsu 1,850, kin ga kusan uku da ɗaya ke nan. A launi ma haka, rawaya 6,022 kore 2,001. To da yake neman sunan da zai ba siffar da ta ɓace ta dawo sai ya ɗauko recessive daga kalmar Latin mai nufin ja da baya, kuma shi da kansa ya yi bayanin dalili, ya ce saboda tana janyewa ne a zubin farko sannan ta sake fitowa a jikoki yadda take ba abin da ya canza ta. Ki riƙe wannan na ƙarshen da kyau, ba abin da ya canza ta. Da ace wanda ake kira dominant ɗin yaƙi yake yi yana cin galaba ai da ta dawo a raunane ko ta dawo rabi da rabi, amma garau ta dawo, ɓuya kawai ta yi.

Kuma kada ki ji kunyar tambayarki wallahi, don manyan masana sun faɗa ramin nan kafin ke. A 1908 Reginald Punnett, mai akwatin nan mai gida huɗu da kuke zanawa tun sakandare, ya yi lacca a Landan kan gado a jikin ɗan Adam, ya kawo misalin wani yanayi na gajerun yatsu da ke bin gida a matsayin dominant. Sai wani masanin ƙididdiga Udny Yule ya tada magana irin taki sak, cewa in haka ne ai da tafiya ta yi tafiya ya kamata a wayi gari mutum uku cikin huɗu masu gajerun yatsu ne. Punnett ya san ba haka ba ne amma ya rasa yadda zai warware, sai ya kai wa abokin wasan kurket ɗinsa G. H. Hardy, malamin lissafi a Kambirij, shi kuma ya rubuta 'yar gajeriyar wasiƙa a mujallar Science a shekarar ya nuna da lissafin da bai wuce na ɗan sakandare ba cewa in dai babu wani abu daga waje da ke tura lamarin, yawan kowane kwafi a cikin al'umma yana nan yadda yake daga zuriya zuwa zuriya, dominant ne ko recessive. Wani likita Bajamushe Wilhelm Weinberg shi ma ya gano haka a shekarar, shi ya sa za ki ga sunansu a haɗe a littafinku. Dalilin kuma mai sauƙi ne, mutumin da yake AS in zai ba ɗansa kwafi ɗaya, kamar jefa kwabo ne, rabi A rabi S, A ba ya ture S ya shige gaba a layi. Kalmar dominant tana magana ne kan abin da ido ya gani a jiki bayan an gama rabon, ba ta da hannu a rabon kansa.

Kin ma fi ni sanin misalin da zai nuna miki haka tunda kina shiga ɗakin ɗibar jini. A rukunin jini, wato A, B, AB da O (wannan A ɗin daban yake da A na maganar sikila), O recessive ne, sai mutum ya samu O daga uwa da O daga uba kafin katinsa ya nuna O, amma je ki duba rajistar masu ba da jini a kowane asibiti a ƙasar nan, kusan rabin mutane O ne, ya fi A ya fi B, AB kuwa sai an tona. Ga recessive ya cika gari. Sannan ki ɗauki cindo, yatsa na shida ɗin nan da ake haifar jarirai da shi a gefen ƙaramin yatsa, a gidaje da yawa dominant ne, kwafi ɗaya ya isa, kuma ya fi yawa a wajenmu baƙar fata nesa ba kusa ba in aka kwatanta da Turawa, amma duk da haka jarirai nawa kika karɓa a leba kafin ki ga mai cindo ɗaya? Yatsa biyar dai shi ne a ko'ina. Cindon ma yana da wani hali na tsallake, uba yana da shi, ɗa ya ɗauki kwafin amma hannunsa lafiya lau, sai jika ya zo da shi, wannan shi ake kira penetrance a littattafanku, wato cikin masu ɗauke da kwafin mutum nawa ne abin ya fito musu a zahiri. Kin ga ko a inda aka ce dominant ɗin ma ba kullum yake fitowa ba.

Maganar O ɗin nan ta tuna min wani abu. Akwai wani bawan Allah da ya taɓa samuna da katuna uku a hannu, fuska a murtuke, shi A matarsa B jaririn kuma O, wani abokinsa da ya yi bayoloji a sakandare ya faɗa masa wai A da B dominant ne don haka ba yadda za a yi su haifi O. Na ja shi gefe na ɗauki bayan wata takarda na zana masa akwatin Punnett, na ce kai katinka ya ce A amma mai yiwuwa AO ne kai, ita kuma BO, gwajin da aka yi muku yana ganin abin da ya fito ne ba ya ganin wanda ya laɓe, ga gida huɗu nan, AB, AO, BO, OO, kowane ciki da ta ɗauka akwai ɗaya cikin huɗu ya zo O. Ya daɗe yana kallon takardar nan kafin ya ninke ta ya sa a aljihu. Tun ranar na daina ɗaukar fassarar kalmar nan da wasa.

To me ke sa wata siffa ta fito da kwafi ɗaya wata kuma sai biyu? Nan ne abin yake da daɗi, don in kin gane wannan ba kya buƙatar hadda. Yawancin ƙwayoyin gado umarni ne na yadda jiki zai ƙera wani furotin. Ki ɗauka unguwarku tana da tanki ɗaya da rijiyar burtsatse biyu ke zuba masa ruwa, ɗaya Baba ya haƙa ɗaya Mama. Ran da injin ɗaya ya lalace, in ɗayar tana iya cika tankin ita kaɗai babu wanda zai sani a unguwa, mata na ta ɗiban ruwansu, sai ran da duka biyun suka tsaya za a ji ihu. Wannan shi ne recessive, kuma haka yawancin cututtukan da ke zuwa daga lalacewar kwafi suke, zabiya ma haka ne, shi ya sa za ki ga uwa baƙa uba baƙi sun haifi zabiya ana ta surutu a gari alhali kowannensu yana ɗauke da kwafi ɗaya da ba ya aiki bai sani ba. O ɗin ma haka ne, kwafi ne da harafi ɗaya ya fita daga rubutunsa sai ya daina ƙera abin da ke liƙa alamar A ko B a bayan ƙwayar jini. Waken Mendel ma a 1990 wasu masu bincike a Ingila suka gano cewa yamutsattsen wani sinadarin haɗa sitaci ne ya lalace masa, sai sukari ya taru a ciki ya zuƙi ruwa ya kumbura, in ya bushe ya yamushe, wanda kuma ke da kwafi ɗaya mai aiki yana haɗa sitacin da ya ishe shi ya tsaya sumul. Abin dariya ma yamutsattsen ya fi zaƙi, shi aka fi so a ci.

Amma in unguwar ta yi girma har rijiya ɗaya ba ta isa, to da ɗaya ta tsaya za a gani a tanki, nan lalacewar ta zama dominant, misalinsa wani ciwon yawan kitsen kolestarol na gado, mai kwafi ɗaya lalatacce hantarsa rabin aikin kwashe kitsen daga jini take yi kuma rabin bai isa ba, sai ki ga ciwon zuciya tun da sauran ƙuruciya. Akwai kuma na uku, injin bai tsaya ba amma ruwan kwata yake turowa cikin tankin, to komai kyan ɗaya rijiyar ruwan ya ɓaci. Ciwon Huntington haka yake, kwafi ɗaya a kuromosom na 4 (kuromosom su ne zaren da ƙwayoyin gado ke jere a kai, kowanne da lambarsa) yana ƙera furotin da ke kashe ƙwayoyin ƙwaƙwalwa sannu a hankali, yawanci ba ya tashi sai mutum ya kai tsakanin 30 da 50, ya riga ya yi aure ya hayayyafa, kuma kowane ɗa rabi da rabi ne. Dominant ne cikakke, mugun ciwo ne, kuma ba shi da yawa ko kaɗan. A duk misalan nan uku babu inda rijiya ɗaya ta je ta danne ɗaya, kowacce aikinta take yi ko ta kasa, mu ne muke leƙa tanki mu sa suna.

Yanzu mu dawo kan sikilarki. Ƙwayar gadon tana kuromosom na 11, ita ke ƙera wani sashe na himogulobin, jan abin nan da ke ɗaukar iskar oksijin a jini, kuma bambancin A da S harafi ɗaya ne tak, inda A ke da GAG shi S yana da GTG, sai tubali na shida a jerin furotin ɗin ya canza. Himogulobin S in ya sauke oksijin ɗinsa sai ya riƙa manne wa 'yan'uwansa suna yin dogayen sanduna, su lanƙwasa ƙwayar jinin ta koma kamar lauje, ta maƙale a ƙananan jijiyoyi, ciwon ƙashin da ke sa yaran nan kuka cikin dare ke nan. To a jikin mai AS duka kwafin biyu aiki suke, A bai kashe S ba, in kika auna za ki samu wajen kashi 60 na himogulobin ɗinsa A ne, wajen 40 ko ƙasa da haka kaɗan S ne, A ɗin da ke cakuɗe a ciki shi ke hana sandunan haɗuwa a yanayin yau da kullum.

Saboda haka in kika tambaye ni S dominant ne ko recessive, sai in ce miki a ina kika tsaya kike kallo? In a wod kike kina duba wa ke kwance da ciwo, recessive ne, sai SS, ko S ya haɗu da wani kwafin mai matsala kamar C ɗin nan da ya fi yawa a arewacin Gana da Burkina Faso. In a lab kike kin ɗiga jini a takardar gwajin jinotayif kin kunna wuta, bayan an rina za ki ga mai AA layi ɗaya, mai SS layinsa a baya, mai AS kuwa layi biyu reras, na A ya ɗan fi kauri yana gaba na S na biye, kowa ya fito da fuskarsa, wannan shi ake kira codominant, irin yadda A da B suke fitowa tare a mai jinin AB. In kuma tsohon gwajin nan kika yi, ki ɗiga jini a gilashi ki haɗa da maganin da ke zuƙe oksijin, ki rufe ki shafe gefen da basilin don kada iska ta shiga, ki dawo bayan kamar awa ɗaya ki leƙa madubin, jinin mai AS ma zai yi lauje, kwafi ɗaya ya isa, a nan S ya zama dominant ke nan. Kuma wannan ba wasa da kalma nake ba, a 1923 masu binciken farko a Amurka da irin wannan gwajin na rufe jini a gilashi suka dogara suka rubuta cewa laujewar jini dominant ce, aka tafi a haka har 1949 da James Neel a Amurka da E. A. Beet a ƙasar da ake kira Zambiya yanzu, kowa da aikinsa daban, suka nuna cewa masu kwafi ɗaya su ne lafiyayyun da jininsu ke lauje a gilashi kawai, masu kwafi biyu su ne marasa lafiya. Ƙwayar gado ɗaya, suna uku, ya danganta da siffar da kika ɗauka kina aunawa. Shi ya sa in ina duba rubutun ɗalibai na ga an ce "S recessive ne" an yi shiru nakan ja layi in rubuta a gefe, ta fuskar me? Daidai shi ne a ce ciwon sikila recessive ne.

Ko a wod ɗin ma ba ɗari bisa ɗari ba ne, mai AS in ya sha wahalar da ta wuce kima ga rana ga ƙishirwa, ko ya hau wuri mai tsayi sosai inda iska ta yi ƙaranci, yana iya samun matsala, wasu kuma sukan ga jini a fitsari. Ba kasafai ba, kuma kada ki tsorata matan awo da wannan, amma ke ma'aikaciya ya kamata ki sani.

Saura ɗaya rabin tambayar taki, me ya sa S ya yi yawa a wajenmu. Amsar sauro ce. Anthony Allison, wanda ya tashi a Kenya, ya nuna a 1954 cewa masu AS sun fi tsira daga zazzaɓin cizon sauro, binciken da aka yi daga baya kuma ya nuna kariyar daga maleriya mai tsanani, irin mai sa yaro suma da ƙarewar jini, ta kai wajen kashi 90 cikin ɗari. Ba wai ba sa kamuwa ba ne fa, suna kamuwa, su ma su shiga gidan sauro, amma ba ta cika kashe su ba. To ki duba shekaru dubbai kafin a san kulorokwin, yaro mai AA maleriya na ɗauka, mai SS sikila na ɗauka, mai AS ya rayu ya girma ya yi aure ya ba rabin 'ya'yansa S. Abin da ya kai mu inda muke ke nan, wajen mutum ɗaya cikin huɗu a Najeriya AS ne. Yi lissafin da kanki, in ana aure ba gwaji, ɗaya cikin huɗu sau ɗaya cikin huɗu, aure ɗaya cikin 16 AS ne da AS, kowane ciki nasu kuma ɗaya cikin huɗu SS, ya zama haihuwa ɗaya cikin 64, ki ɗora wannan a kan yawan haihuwar da ake yi a ƙasar nan sai ki ga inda adadin jarirai wajen 150,000 a shekara da ake yawan ambata ya fito. Kuma kasancewarsa recessive ɗin ma taimaka masa yake ya daɗe, don yawancin kwafin S suna zaune ne a jikin lafiyayyun mutane da ba su san suna da shi ba, ba mai ganinsa sai ranar da biyu suka haɗu. Dalilin dokar gwaji kafin aure da Kano ta yi a 2024 ke nan, kuma dalilin da ya sa auren zumunci ke ƙara fito da cututtukan da ke laɓe, 'ya'yan wa da ƙani kakanninsu ɗaya, abin da ya ɓuya a jikin wannan akwai kyakkyawan zaton ya ɓuya a jikin waccan.

Abin da ya sa na ƙi jinin fassarar "mai ƙarfi" musamman da Hausa shi ne ta zo ta tarar da wata magana da muke da ita tun asali. Ana haihuwa 'yan barka za su leƙa su ce kai jinin gidan su uban nan da ƙarfi yake, duk 'ya'yan kamar an tsaga kara. To ki je gaban matan nan ki ce A ya fi S ƙarfi, wallahi abin da wata za ta tafi da shi gida shi ne tunda jinin maigidanta mai ƙarfi ne ko shi AS ne ba komai nasa zai rinjayi nata, wata kuma ta ji cewa mai AS rabin mara lafiya ne mai raunin jini a fasa aurenta ko da mai AA ne ya zo, alhali AA da AS ba za su haifi SS ba. Kamannin fuska da tsawo da hasken fata ba ƙwayar gado ɗaya ke yin su ba, da yawa ne suke taruwa, tsawo ma dubbai ne, kowacce ta sa ɗan nata, kalmar dominant ba ta ma shiga wurin yadda mutane ke zato. Kuma kwafi bai san daga wajen wa ya zo ba a wannan lissafin, S na uba da S na uwa duk ɗaya ne.

Ba mu kaɗai kalmar ta dama ba. A Japan kalmomin da suka daɗe suna amfani da su suna ɗauke da ma'anar mafifici da ƙasƙantacce, har masu cututtukan gado suna jin kamar ana ce musu jininsu na banza ne, sai a 2017 ƙungiyar masana ilimin gado ta ƙasar ta canza su zuwa kalmomi masu nufin bayyananne da ɓoyayye. Ni a ganina sun yi daidai kuma da Hausa ma hanyar ke nan.

Wani abu kuma tunda kin ce kina karanta takardun bincike, ki lura ba duk inda kika ga kalmar a rubutun kimiyya take da ma'anar Mendel ba, ko da maganar ƙwayoyin gado ake. Lokacin korona an yi ta rubuta cewa nau'in ƙwayar cutar mai suna Delta ne dominant a 2021, daga baya Omicron ya karɓe, a can ma'anarta wanda ya fi yawa a cikin masu kamuwa, ma'anar ƙamus ɗinki ke nan sak. Masu nazarin daji in suka faɗe ta a kan bishiya suna nufin wadda ta mamaye wurin, masu nazarin dabbobi suna nufin namijin da ke shugabantar garke, a takardar sikanin ɗin mata kuma za ki gan ta a kan ƙwan da ya fi sauran girma a watan. Abin da nake yi shi ne in duba kalmar da ke kusa da ita, in siffa ce ko ciwon gado ko kwafin ƙwayar gado, ko aka haɗa ta da autosomal, wanda ke nufin abin ba a kuromosom ɗin jinsi yake ba don haka mace da namiji duk ɗaya, to ta Mendel ce. In nau'in ƙwayar cuta ne ko dabba ko tsiro a cikin jama'arsu, ta ƙamus ce.

A jarrabawa ki rubuta musu dominant da recessive ɗinsu yadda suke so, da ma'anar kwafi ɗaya da kwafi biyu. In fassara ce a rubuce ni "mai bayyana" da "mai ɓuya" nake sawa, na san wasu malamai suna cewa "mai rinjaye" kuma ba zan ce haramun ba ne in an biyo shi da bayani, amma ni na bar shi. A gaban matan awo kuwa ba kya buƙatar ko ɗaya, ki ce musu kowane mutum gado biyu yake ɗauke da shi na jini, ɗaya na uwa ɗaya na uba, ciwon sikila ba ya tashi sai yaro ya gaji S ta wajen uwa ya kuma gaji S ta wajen uba, wanda ya gaji ɗaya lafiyarsa ƙalau amma yana iya miƙa wa ɗansa. Sai ki shirya wa tambayar da na tabbata wata za ta yi miki daga bayan benci, cewa ai an ce ɗaya cikin huɗu ne, ita ta riga ta haifi mai sikila ɗaya, ke nan ukun da za su biyo lafiya? Ki ce mata a'a, kowane ciki sabon rabo ne, na baya ba ya rage wa na gaba komai. In da hali ki tafi da kwano biyu, kowanne ki zuba farin wake da jan wake daidai wa daida, ki sa ta rufe ido ta ɗauki ɗaya daga nan ɗaya daga can, ta duba, ta mayar, ta sake, kamar sau goma, da kanta za ta ga wani lokacin ja da ja sun fito sau biyu a jere wani lokacin kuma a daɗe ba su fito ba. Allah ya ba da sa'a, ki gaishe min da malaman naku.